Masaukin George: ragowar zangon matafiya a kudancin Landan

Wanda ya haye Gadar Landan ya nufi kudu ta titin Borough High Street zai ga wasu ƙananan lunguna jere a hannunsa na hagu, wannan na bin wancan, tsakaninsu 'yan taku ne. Kowane lungu da sunansa a jikin bango: King's Head, White Hart, George, Talbot, Queen's Head. Galibinsu in ka leƙa bayan ofisoshi za ka gani da kwandunan shara, sai ko motar da ta kawo kaya tana jiran a sauke. Jama'ar da ke tururuwa daga tashar jirgin ƙasa ba mai ko waiwayarsu.

Kawuna ne ya tsayar da ni a bakin na ukun. Ya shafe shekaru yana tuƙin bas a kudancin birnin kafin ya ajiye aiki, kuma yana cikin mutanen nan da ba sa wuce allo a jikin gini ba su karanta ba. Ya ce, "Ɗana, duk sunayen nan da kake gani na masaukan baƙi ne. A da, tun daga bakin gada masauki ke bin masauki a titin nan. Tsohon gini ɗaya ne ya rage a cikinsu. Shigo ka gani."

Muka ratsa ƙofar, ƙarar motoci ta koma baya, sai ga tsakar gida doguwa mai shimfiɗar dutse da bencina jere. A dama gini ne mai tsawo, sashensa na farko da baranda biyu na katako, ɗaya bisa ɗaya, an shafe su da farin fenti. Barandar ba a miƙe take ba. Tsakiyarta ta ɗan lotsa, sandunan da aka jera a bakinta kowanne da yadda ya karkata, da gani ka san katakon ya daɗe yana ɗauke da nauyi. An rataye kwandunan furanni a jikinta, a ƙasa kuma tagogi ne masu ƙananan gilasai cikin baƙin katako. In ka ɗaga kai daga tsakar gidan, dogon benen gilashin nan da ake kira Shard, mai tsawon kusan mita 310, wanda aka kammala a 2012, yana tsaye a kanka. Shi kuwa wannan da ke gabanmu tun 1677 yake nan, kuma a duk faɗin Landan babu sauran wani masaukin keken doki mai baranda sai shi.

Na ga alamar da ke bakin ƙofa, na ga manyan kofuna a kan kanta ta taga, na ce, "Kawu, kun san fa gidan giya ne."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na kawo ka da hantsi, ana buɗewa, kafin masu sha su iso. Za mu duba ɗakuna, mu karɓi shayi, mu zauna a teburinmu a waje. Kifin da suke soyawa ma kada ka yi odarsa, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar."

Haka muka yi. Akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa, kuma daga ni har shi ba wanda ya ɗauki wannan da wasa. Ban ce kowa ya je ba. Abin da ya kai ni shi ne tarihin wurin, kuma tarihin ya nuna mini cewa saukar baƙo ita ce sana'ar gidan ta asali, giya kuma ita ce abin da ya rage masa bayan da aka ƙwace masa hanya.

Tushen komai gadar ce. Tsohuwar Gadar Landan ta dutse, wadda aka kammala a 1209, ita kaɗai ce gada a kan kogin Thames a tsakiyar birnin har zuwa 1750, lokacin da aka buɗe ta Westminster. Shekaru sama da 500 ke nan duk wanda ya taso daga yankunan Kent ko Sussex da ke kudu da birnin, ko ya sauka jirgin ruwa a Dover daga Faransa, in dai ta ƙasa zai shiga Landan, to ta nan zai bi. Gadar kuwa cike take da gidaje da kantuna dama da hagu, hanyar da ta rage a tsakiya ƙunci gare ta, shanu da tumaki da kekunan kaya da masu ƙafa duk a cikinta suke cakuɗa. A bakinta na kudu akwai babbar ƙofa da ake rufewa da dare, wadda a wani zamani a kanta ake kafa kawunan waɗanda aka kashe bisa laifin cin amanar sarki. Wanda dare ya riska a hanya, dole ya kwana a wannan tsallaken, wato Southwark. Wanda zai yi sammakon tafiya kudu shi ma gara ya haye tun da yamma ya kwana nan, asuba ta yi ya ɗau hanya. Abin da hukumar birni ba ta so a kusa da ita ma nan ya tattaru: gidajen wasan kwaikwayo, filayen haɗa karnuka faɗa da bijimai, gidajen karuwai, da kurkuku har da dama.

Duk wanda ya taso yana jin labarin fataken Gwanja zai gane tsarin nan take. Ayari ya iso, an rufe ƙofar gari, sai a sauka a zango. Fatoma ya ba ka ɗaki, ya nuna inda za a ɗaure dabbobi, ya adana maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya gaya maka farashin da ake ciki da halin da hanya take, shi kuma ya ci la'adarsa. Aikin mai masaukin George ke nan. Masu kekunan dakon kaya daga garuruwan kudu kowa da masaukin da yake sauka da ranar da yake tashi, don haka mai son aika ƙunshi ko wasiƙa zuwa ƙauyensu ya san tsakar gidan da zai nufa. 'Yan kasuwa na karɓar hayar ɗaki su mai da shi ofis. Akwai barga, akwai rumbun ciyawa, akwai sito. Abinci da abin sha ɓangare ne kawai na hidimar.

Ingila ta dā tana da gidaje iri uku da ake sayar da abin sha, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai ƙananan mashaya na talakawa, sau tari ɗaki ne a gidan wata mata da ke dafa giyarta da kanta. Akwai gidajen shan ruwan inabi na masu hali a birane. Sai masaukai, su ne manya, masu gadon kwana da wurin dawaki. A ƙidayar da gwamnati ta yi a 1577 an samu ƙananan mashaya sama da 14,000, masaukai sama da 1,600, gidajen inabi kuma sama da 300. Daga baya ne ukun suka narke suka zama abu guda, mashayar unguwa da aka san Turawan Ingila da ita yau. Hotunan da ake ratayewa a ƙofarsu ma tsohuwar doka ce: a 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su kafa alama, don jami'an da ke duba ingancinta su san inda za su nufa. Da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba, hoto ake zanawa. Na wannan gida mahayi ne a kan doki yana soke wani dodo da mashi, wato George, waliyyin da Kiristocin Ingila suka ɗauka majiɓincin ƙasarsu. Sunan gidan ya fito a wata taswira ta wajejen 1542, kuma John Stow, wanda ya rubuta bayanin unguwannin Landan a 1598, ya lissafa shi cikin kyawawan masaukan Southwark.

Wancan gini na farko wuta ta cinye shi. Kowa ya san babbar gobarar Landan ta 1666, wadda ta laƙume gidaje sama da 13,000. Ita ba ta haye kogi ba, domin wata gobara da aka yi a 1633 ta bar fili a kan gadar, wutar ta iso nan ta rasa abin kamawa. Southwark ta tsira a wannan karon, amma bayan shekara goma tata ta zo. Ranar 26 ga Mayun 1676 wuta ta tashi a kantin wani mai sayar da mai da fenti a wannan titi, ta bi gidajen katako da rumbunan ciyawa, har sai da aka riƙa tarwatsa gidaje da albarushi don a datse mata hanya. Gidaje kimanin 500 suka tafi, da George da maƙwabtansa. Abin da ya burge ni shi ne saurin da aka yi aka mai da su, kuma a kan tsohon tsarinsu, domin hanya ba ta daina kawo baƙi ba. Wannan ya sa duk da cewa katakon na 1677 ne, fasalin gidan ya girme shi nesa ba kusa ba.

Da muka hau bene na fahimci dalilin barandar. Filayen titin nan sirara ne masu tsawo, kowa na son ya samu baki a kan hanya, don haka bayan ginin wannan masauki manne yake da bayan na maƙwabcinsa. Ba damar fasa taga ta baya. Haske da iska ta tsakar gida kawai za su shigo, in kuma aka yi zaure a cikin gini ya tare hasken. Sai aka fitar da hanyar wucewa waje, ta zama baranda, kowane ɗakin kwana ƙofarsa da tagarsa suna kallonta. Baƙo na iya fitowa ya jingina ya ga ko an ɗaura wa kekensa dawaki. Daɓen katakon yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, kuma ya gangara ta gefe guda har sai ka ji a gwiwarka. Ɗakunan kwanan yanzu wurin cin abinci ne.

A ƙasa ɗakunan a jere suke, ƙanana, rufinsu gajere, dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Na farko shi ne inda matuƙa keken doki da fasinjoji ke zaman jira. Bangon katako ne da ya yi baƙi, da dogayen bencina masu majingina, da murhu. Na shafa gefen wani benci, katakon ya yi sulɓi ya lotsa daidai inda hannu ke sauka. A jikin bango akwai wani ƙaton agogo mai faɗin fuska, wanda ake kira agogon Majalisa, kuma ɗakin ma da shi ake kiransa. A 1797, ana tsakiyar yaƙi da Faransa, Firayim Minista William Pitt ya sa wa agogo haraji: sule 5 a shekara kan kowane agogon gida, sule 10 kan agogon aljihu na zinariya, sule 2 da sisi kan na azurfa. Kawu ya yi murmushi da ya zo nan, ya ce rabon da ya furta "sule biyu da sisi" tun kafin a canja kuɗi zuwa naira a 1973. Mutane suka daina sayen agogo, maƙeransa suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ba a rufa shekara ba aka soke dokar a 1798. Irin waɗannan manyan agogunan sun riga harajin zuwa masaukai da shekaru da dama, domin keken fasinja da lokaci yake tashi, amma sunan dokar ne ya manne musu. Ɗaki na tsakiya kuwa ɗakin shan gahawa ne a da, na manyan baƙi.

Da muka karɓi shayinmu a kanta, domin a irin waɗannan gidaje kai ke zuwa ka yi oda ka biya nan take, muka fito muka zauna, Kawu ya shiga nuna mini maƙwabtan da suka shuɗe. Lungun Talbot da ke kudu da mu shi ne wurin masaukin Tabard, inda masu ziyarar kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin da aka kashe a Canterbury a 1170, suke haɗuwa su ɗau hanya. Daga nan ne marubuci Geoffrey Chaucer ya tayar da ayarin da ke cikin labaransa a ƙarshen ƙarni na 14. An rushe shi a 1873, allo kawai ya rage. Na arewa da mu White Hart ne, inda Jack Cade ya yada zango a 1450 da ya jagoranci 'yan tawayen Kent. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Queen's Head. Wani ɗan mahauci a unguwar, John Harvard, wanda aka haifa a 1607, annobar 1625 ta kashe mahaifinsa da yawancin 'yan'uwansa, daga baya ya gaji wannan masauki daga mahaifiyarsa. A 1637 ya ƙaura Amurka, shekara ta zagayo ya rasu, ya bar wa wata sabuwar kwaleji rabin dukiyarsa da littattafansa kimanin 400. Kwalejin ita ce Jami'ar Harvard. Wani kaso na dukiyar da ta ɗaga ta daga kuɗin kwanan baƙi da ciyawar dawaki na wannan titi ya fito.

Masu kai baƙi yawon buɗe ido suna son cewa William Shakespeare ya zauna a George. Gidan wasansa na Globe, wanda aka gina a 1599, tafiyar 'yan mintoci ce daga nan, amma shi a 1616 ya mutu, shekara 61 kafin a kafa katakon da ke tsaye yau. Wanda alaƙarsa da unguwar ta tabbata shi ne Charles Dickens, wanda ya ambaci George a ɗaya daga cikin littattafansa. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke can ƙasan titin, saboda bashin fam 40 da sule 10 da wani mai gidan burodi ke bin sa. A wancan zamani iyali kan bi mai gida su zauna tare da shi a kurkukun masu bashi, kuma haka mahaifiyarsa da ƙannensa suka yi. Shi aka kama masa ɗaki a titin Lant, kullum ya haye kogi zuwa masana'antar man goge takalmi inda yake manna takarda a jikin kwalabe. Daga baya mun taka mun ga abin da ya rage na kurkukun, wanda aka rufe a 1842: doguwar katangar bulo ɗaya a bayan cocin St George, kusa da ɗakin karatun unguwa mai sunan John Harvard. Na daɗe ina tunanin yaron nan yana wuce ƙofar masaukan nan da yunwa, ƙamshin gasasshen nama na fitowa daga ciki.

Jirgin ƙasa ne ya karya su. A Disambar 1836 aka buɗe tashar London Bridge, jifa kaɗan daga nan. Layin dogo ya kai Brighton a 1841, ya kai Dover a 1844. Tafiyar da keken doki ke yini yana yi, ana canja dawaki kusan kowane mil goma, jirgi ya mai da ita ta 'yan sa'o'i, ga araha. Cikin shekaru kaɗan kekunan fasinja suka ɓace, bargogi suka koma fayau, masu kula da dawaki da masu dako da masu wanki duk abincinsu ya yanke. Asibitin Guy's da ke bayan gidan ya saye George a 1849, sannan a 1874 ya sayar wa kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern, wanda ya mai da tsakar gidan wurin karɓar kaya. A da gini ya kewaye tsakar gidan ta fuska uku. A 1889 kamfanin ya rushe biyu ya gina sito. Abin da muka zo gani, wanda ya cika mini ido haka, fuska ɗaya ce cikin uku.

Ita ma ɗayar mata biyu ne suka riƙe ta, uwa da 'ya. Amelia Murray ta karɓi gidan a 1878, bayan rasuwarta 'yarta Agnes ta ci gaba har ta koma ga Mahaliccinta a 1934. Shekara 56 ke nan tsakaninsu. A lokacin da sauran masu mashaya ke fasa bango suna sa manyan madubai da fitilu masu ƙyalli don jan kasuwa, su barin gidan suka yi yadda suka same shi, suna saukar 'yan baƙin da suka rage, suna ciyar da 'yan kasuwar unguwa da rana. A ganina duk wanda ya shafa bencin nan yau bashinsu yake ci. Masu sha'awar tarihi da masoya Dickens suka fara zuwa, har aka riƙa yin wasan kwaikwayo a tsakar gidan. A 1937 kamfanin jirgin da ya gaji wurin ya miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 don adana gine-gine da filaye masu tarihi. Bayan 'yan shekaru bama-baman Jamus suka yi wa Southwark kaca-kaca a Yaƙin Duniya na Biyu, gidan ya fita lafiya. Har yau na ƙungiyar ne, kamfanin giya na Greene King ke haya yana gudanar da shi, kuma yana cikin gine-ginen da gwamnati ta sa a mataki na ɗaya na kariya, waɗanda ba a canja musu ko taga sai da izini.

Ba zan yi kamar giya baƙuwa ce a wannan unguwa ba. Nan ce cibiyar cinikin hops, wani fure mai ɗaci da ake nomawa a Kent ana sa wa giya, kuma dillalansa da yawa a lungunan nan suke da ofis. Kawu ya nuna mini wani gini a bakin titi da har yanzu sunan dillalan LeMay ke sassaƙe a goshinsa, da kuma babban ginin kasuwar hops da aka buɗe a titin Southwark a 1867. Kamfanin giya na Anchor da ke kusa da kogi ya taɓa zama cikin mafiya girma a duniya a farkon ƙarni na 19. Duk watan Satumba matan talakawan Landan da 'ya'yansu kan cika jiragen ƙasa daga wannan tasha zuwa gonakin Kent tsinkar furen. Ƙasar kuma ta ɗanɗana kuɗarta. A farkon ƙarni na 18 wata barasa mai ƙarfi da arha, jin, ta kama talakawan birnin har uwaye na yasar da jarirai, sai da Majalisa ta yi ta kafa dokoki, wadda ta yi tasiri ita ce ta 1751. A 1830 aka ce bari a janye mutane daga barasa zuwa giya mai sauƙi, aka ba duk mai biyan harajin gida damar buɗe mashaya da fam 2 da sule 2. Kafin shekara ta cika an buɗe sama da 24,000, shaye-shaye ya ƙaru. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta rage sa'o'in buɗewa don ma'aikatan masana'antar makamai su riƙa zuwa aiki cikin hayyacinsu, kuma dokar rufe mashaya da la'asar ba ta kau ba sai 1988. Su da kansu sun san illar abin, sun shafe ƙarnoni suna kokawa da shi.

Wajen azahar tsakar gidan ta fara cika. Ma'aikatan ofis da kati rataye a wuya, ma'aikatan asibiti, wasu baƙi daga Asiya suna ɗaukar hoton baranda. Wanda idona ya tsaya a kansa wani dattijo ne da ya shigo da sanda da jarida a hammata. Tun daga bakin ƙofa yarinyar da ke kanta ta gaishe shi da sunansa, ta tambaye shi ƙafa, ya tsaya ya ba ta amsa a tsanake kafin ya nemi kusurwa kusa da murhu. Kawu ya ce a shekarun da ya yi yana tuƙi ya san tsofaffi da yawa irinsa, masu zaman kaɗaici a ɗan ɗaki, waɗanda in ba direban bas ba sai mai mashaya ne kaɗai ke ce musu sannu a yini. Ya ce, "Ɗana, wasunsu ba don abin da ke cikin kofi suke zuwa ba. Ɗumi suke nema da wanda zai lura in ba su zo ba." Wannan magana ta taɓa ni. Ina fata a ce abin da ke haɗa su wani abu ne daban, amma ban iya raina buƙatar da ta fito da dattijon daga gida cikin sanyi ba.

Irin waɗannan gidaje raguwa suke yi. Alƙaluman ƙungiyar masu sana'ar sun nuna a shekarar 2000 akwai mashaya sama da 60,000 a Birtaniya, zuwa 2024 sun koma kimanin 45,000. Giyar kanti ta fi arha, tun Yulin 2007 an hana shan taba a cikinsu, kuɗin wuta da haya sun hau, matasa da yawa sun rage sha, sannan a Landan filin da mashaya ke kai ya fi tsada in aka gina gidajen haya. Raguwar sha ba ta ɓata mini rai ko kaɗan. Rushe tsofaffin gine-ginen ne nake jin ciwonsa, domin na ga abin da ya rage a lungun Tabard.

A hanyarmu ta zuwa tashar bas da za ta kai mu Old Kent Road, tsohuwar hanyar Dover ɗin nan, wadda a kanta Musulmin Najeriya mazauna Landan suka kafa masallacinsu, Kawu ya ba ni labarin wata mashaya a arewa maso yammacin birnin, Carlton Tavern. An gina ta a farkon shekarun 1920, kuma ita kaɗai ta tsira a layinsu daga ruwan bama-bamai. A Afrilun 2015, ana gab da sa ta cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, masu ita suka turo motocin rusau ba izini suka kwantar da ita. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, majalisar ƙaramar hukumar Westminster ta ba da umarni a mai da ita yadda take, bulo bayan bulo. Masu ginin suka ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da umarnin. Da yake jami'an adana tarihi sun riga sun auna ginin sun ɗauki hotunan cikinsa kafin a rushe, da wannan aka yi aiki, kuma a Afrilun 2021 aka sake buɗe ta.